Kwafin hannu ganganci ne

Rumbun bayanai na banki ko kamfanin inshora ba sunaye da alƙaluma kaɗai yake riƙewa ba. A cikinsa akwai ajiyayyun umarnai masu lissafa riba, su cire haraji, su hana a biya mutum sau biyu. Ma'aikatar da ke da rumbu uku, wajibi ne umarnan nan su zama iri ɗaya a dukkansu. Amma har yau akwai injiniyoyin da ke kwafe su da hannu daga wannan rumbu zuwa wancan, ba su da madogara sai tunawa. Wannan ganganci ne, komai ƙwarewar mai yin sa.

Wasu kuma sun miƙe ƙafa, wai manhaja za ta yi kwafin da kanta. Ba kullum ba. Salon kwafin da PostgreSQL ta kawo a siga ta 10, a 2017, bayanai yake ɗauka, ba ya ɗaukar umarnai. Sai rumbu biyu su riƙe alƙaluma ɗaya, su ba da amsa biyu.

Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin minti 45, domin an saka sabuwar manhaja a kwamfutoci bakwai, an manta ta takwas. Ciwon ɗaya ne.

Maganin sananne ne: a ajiye kowane umarni a Git, wani ya duba shi, sannan Flyway ko Liquibase ta kai shi kowane rumbu. Shugaban da bai tilasta hakan ba, kuɗin jama'a yake caca da su.