Ranar haihuwar Annabi Isa: Abin da tarihi ya tabbatar, da inda zancen ya taɓo Gobirawa

Da zarar Disamba ta kama, sai tsohuwar muhawara ta dawo a Facebook da teburan mai shayi daga Isa har Sabon Birni: da gaske ranar 25 ga wata aka haifi Annabi Isa (AS)? Masu musu kan kafa hujja da nunannen dabinon da aka ambata a Suratu Maryam, su ce ai dabino ba ya nuna da hunturu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masana tarihi, har da Kiristocin cikinsu, sun daɗe da yarda cewa ba a san ranar ba. Linjila ba ta ambaci rana ko wata ba. Cikin littattafanta huɗu, Matiyu da Luka kaɗai suka kawo labarin haihuwar, kuma lissafinsu bai zo ɗaya ba. Matiyu ya ce a zamanin Sarki Hirudus ne, wanda akasarin masana ke cewa ya mutu shekara 4 kafin Miladiyya. Luka kuwa ya haɗa haihuwar da ƙidayar gwamna Kiriniyus, wadda bayanan masanin tarihin Yahudawa Josephus suka nuna an yi ta a shekara ta 6 Miladiyya. Tazarar ta kai kusan shekara goma. Masu kare nassin na cewa an yi wata ƙidayar kafin wannan, sai dai ba a samu rubutun Rumawa da ya tabbatar da haka ba.

Ita 25 ga Disamba, an fara ganin ta ne a wata kalandar birnin Rum ta shekarar 354. Kibɗawan Masar kuwa 7 ga Janairu suke nasu bikin.

A nan zancen ya zo gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa asalin Gobirawa Kibɗawan Masar ne, waɗanda har gobe suke ziyartar cocin Abu Serga a tsohuwar Alƙahira bisa imanin cewa Nana Maryamu ta fake a wurin da jaririnta. Abin da tarihi ya fi kamawa shi ne gangarowar Gobirawa daga Azbin zuwa Birnin Lalle, sannan Alƙalawa. Na Masar ɗin riwaya ce, amma je ka gaya wa Bagobiri haka, ka sha amsa.

Haka ma Maulidi: 12 ga Rabi'ul Awwal ce ta shahara, amma akwai malaman da suka ce 8, wasu 9.

Inda muhawarar ke da haɗari shi ne idan ta tashi daga ilimi ta koma gori. A ƙarshen Oktoban 2025 Donald Trump ya mayar da Najeriya jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, bisa iƙirarin ana kashe Kiristoci, kuma kowane saƙon izgili ƙarin makami ne ga masu wannan iƙirari. Alhali a gabashin Sakkwato mafi yawan waɗanda 'yan bindiga ke kashewa Musulmi ne, kamar matafiyan da aka ƙona cikin mota a Gidan Bawa a Disamban 2021.