KU DAINA BA MASU ƘOSAI LITTATTAFAN IYAYENMU

Yau mu ɗalibai ne da magana, kuma ba ta daɗi ba ce.

Mu ɗiyan Kornaka da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, mun daɗe muna bin masu baza tsoffin littattafai a ƙasa bakin kasuwa. Cikin tulin tsoffin littattafan lakkol muke tono Marx da Lenin bugun Mosko, da Mao bugun Pekin, da Fanon bugun Maspero na Paris. Bango ya yage, takarda ta yi ja, wani har da sunan mai shi na farko da layukan da ya ja da biro. Sau da yawa kuɗinsa bai kai na katin waya ba.

Daga ina sunka fito? Daga akwatunan iyayenmu: malaman lakkol, ƴan ƙwadago, tsoffin ƴan USN, da waɗanda sunka yi karatu a Tarayyar Sobiyet kafin ta rushe a 1991. Tsoho ya rasu, magada su raba gona da bisashe, akwatin takardu kuma a jefa shi zaure gara ta ci, ko a ba mai ƙosai da mai tsire su naɗe kaya. Haba jama'a!

Mun san abin da wasu ke cewa: wai littattafan kafirci ne, gara a ƙone. To, mu musulmi ne, kuma ba mu ce Marx malaminmu ne na addini ba. Abin da ya faɗa kan addini ba mu karɓa ba. Amma wanda ya karanta littafin likitan da ba musulmi ba, ya bar sallah ne? Tambayar da Kapital ya ɗauko tun 1867 ita ce wa ke aiki, wa ke kwashe riba. Wannan tambaya tana nan cikin kasuwarmu. Manomi ya sayar da hatsinsa da arha lokacin kaka don biyan bashi, damina ta kama ya sayi tiyar nan da tsada wurin wanda ya ɓoye ta. A 2005 yara sun mutu da yunwa a Dakoro da Maraɗi alhali akwai hatsi a kasuwa, talaka ne ba ya iya saye. Ƙone littafi zai sauke farashin tiya?

Sai ɗaya ɓangaren, ƴan'uwanmu matasa. Yau kowa a Facebook da TikTok "mulkin mallaka" ke bakinsa. Madalla. Amma ka tambaye shi me Nkrumah ya rubuta a 1965 kan sabon mulkin mallaka, ko me ya sa aka haramta Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, sai ya kama kame-kame. Wasu na zaune cikin jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, ba su taɓa buɗe littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ba. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 sun fito ne daga ƙungiyar da ake kwana ana gardama kan irin waɗannan littattafai. Mai ihu ba karatu, duk wanda ya riƙe lasifika shi zai ja shi.

Ba mu ce duk abin da ke ciki gaskiya ne ba. An zubar da jini da yawa da sunan waɗannan aƙidu, zamanin Stalin ya isa shaida. Shi ya sa ma ya kamata a karanta, a auna, a ɗauki na ɗauka, a zubar da na zubarwa.

Roƙonmu uku ne. Magada, kafin ku zubar da akwatin tsoho, ku kira ɗalibi ya duba. Ɗalibai, wanda ya samu littafi kar ya kulle shi a ɗaki, ya rubuta sunansa a jeri, ya ba da aro. Hukumar gari da shugabannin makarantu, ku ba mu ɗaki guda da kanta mai ƙafar ƙarfe, nesa da gara da yoyon damina. Jerawa da tsaro, mu za mu yi lokacin hutu.

Mai tsohon littafi a gida, ya yi magana a ƙasan wannan rubutu. Allah ya jiƙan iyayenmu da sunka bar mana su, ya sa mu amfana.