'Ya'yan 'Yan Mishan a Ƙasar Baƙunci

Duk lokacin da aka taɓo tarihin 'yan mishan a Arewacin Nijeriya, akan ambaci asibitoci da makarantun da suka gina. Ba kasafai ake tunawa da 'ya'yansu ba, alhali su ma sun ɗanɗana kuɗar wannan aiki. Uba shi ya zaɓi barin Ingila ko Amurka. Yaro kuwa ba wanda ya shawarce shi.

Irin wannan yaro yakan tsotsi Hausa a wurin mai reno, har ya fi iyayensa ƙwarewa a karin sauti, tunda su daga littafi suka koya. Amma da zarar ya isa karatu, sai a kai shi makarantar kwana, kamar Hillcrest da aka buɗe a Jos a 1942, ko Kent Academy ta Miyango. Watanni kan shuɗe bai ga mahaifiyarsa ba.

Wasu na ganin babu wata mafita, domin ƙauyukan da iyayen ke aiki ba su da makarantar da ke bin manhajar ƙasarsu. Haka ne, sai dai ɗan shekara shida bai san wannan hujja ba. Bayan ya girma kuma a mayar da shi inda ake kira gida, ya tarar can ma baƙo ne.