Injin Fijo 504 Da Darasin Da Ya Bar Wa Hanyar Kaura

Duk wanda ya san tashoshin motar Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi a shekarun 1980 da 1990 ya san cewa Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ita ce sarauniyar hanya. Ita ke kai 'yan kasuwa Shinkafi ranar Alhamis, ita ke bi ta Zurmi zuwa Jibiya da Katsina, ita ke ɗaukar amarya da mara lafiya. Mutane kan ce ƙarfen da ne mai kyau. Ni kuwa ina ganin sirrin yana cikin yadda aka tsara injinta, kuma wannan tarihi yana da abin da zai faɗa mana yau.

Ba a wayi gari da wannan inji ba. Asalin fasalinsa yana komawa ga Peugeot 203 da aka fitar a Faransa a 1948, da inji mai silinda huɗu da girman sisi 1,290, wato awon sararin da fistin ke zirga-zirga a ciki. A 1955 aka ɗaga shi zuwa 1,468 a motar 403. A 1960 sai ga 404 da sisi 1,618, inda injiniyoyi suka kishingiɗar da injin gefe guda da digiri 45 domin goshin motar ya yi ƙasa. Da 504 ta fito a 1968 ta zo da 1,796, sannan a 1970 aka kai shi 1,971. Fiye da shekara ashirin ke nan ana ƙari kan tushe ɗaya, ana gyara abin da ya nuna rauni, ana barin abin da ya tabbata. Da sannu ƙwai kan yi ƙafa.

Abubuwa uku suka sa ya dace da mu. Na farko, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce mai jure wahala, kansa kuma alminiyam ne mai saurin fitar da zafi. Na biyu, ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin injin aka huda shi ba. Bututu ne da ake zarewa. Idan ya cinye, bakanike zai cire shi ya sa sabo tare da fistin da zobensa, inji ya koma kamar jiya aka saye shi, ba tare da an kai shi wurin injin huda a babban birni ba. Na uku, kafireta ce ke haɗa masa fetur da iska, kuma kowane bakanike na iya kwance ta, ya wanke, ya mayar a gindin bishiya.

Ga kuma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, shekarar da 504 ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka. Saboda ana haɗa ta a gida har wajen 2006, kayan gyara suka wadata, yaran gareji kuma suka tashi sun san injin ciki da bai.

Ba ina kiran a koma baya ba ne. Injin kafireta yana shan mai, yana fitar da hayaƙi, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 direban haya ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba. Injin zamani, wanda kwamfuta ke auna masa mai, ya fi shi tattali nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce motocin da suka maye gurbinsa, akasari kwancen Turai, sun iso mana ba tare da ilimin gyaransu ba. Ƙaramar na'ura ɗaya mai auna juyin inji za ta mutu, mota ta tsaya cak, bakanike ya yi ta canza kaya bisa kirdado, mai mota na biya. A da, lalacewar mota tsakanin Kaura da Zurmi ɓata lokaci ce kawai. Yau da 'yan bindiga suka addabi waɗannan hanyoyi, tana iya zama sanadin rasa rai ko faɗawa hannun masu garkuwa.

Saboda haka shawarata biyu ce. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda ta buɗe gajeren kwas da Hausa ga bakanikai, kan wutar mota da amfani da na'urar gano cutar inji, ƙananan hukumomin uku kuma su saya wa ƙungiyoyinsu wannan na'ura. Ɗalibai su kawo ilimin littafi, iyayen gareji su kawo gogewar hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma mai shirin sayen motar iyali, kafin ka tambayi launi da sanyin ciki, tambayi kanka: idan ta tsaya a Shinkafi da la'asar, wa zai iya tayar da ita kafin magariba? Amsar wannan tambaya ce ta riƙe Fijo shekara talatin a hanyoyinmu.

Allah Ya tsare matafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya.