Soyayya da Mashaya Jini: Daɗin Littattafan Nan da Aibinsu

Akwai wani littafin Turanci da ya ke yawo hannu da hannu a ɗakunan kwananmu tun farkon zangon nan, har bangonsa ya yage an liƙe shi da takarda. Da ya zo hannuna na cinye shi cikin dare biyu, sa'an nan na shiga neman 'yan'uwansa, gama ashe ba shi kaɗai ba ne, jeri ne mai tsawo. Tun da ya ke na yi hasarar barci a kansu, na ga ya kamata in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na gani, ko da wani zai ce wannan ba karatun mai koyon aikin malanta ba ne.

Ga wanda bai san su ba, labaru ne na soyayya tsakanin 'yar Adam da wani taliki wanda ba mutum ba. Galibi mai shan jini ne, wanda Turawa su ke kira bamfaya, wanda ba ya haɗa hanya da hasken rana, sai da dare ya ke fita. Wani sa'i kuwa mai rikiɗa ne, ya zama kyarkeci ko damisa. Marubutan yawancinsu matan Amurka ne, masu karatun ma mata sun fi yawa, kuma ba su sakaya zancen shimfiɗa, a fili su ke faɗinsa. A dā mai shan jini abin tsoro ne. A cikin Dracula, wanda Bram Stoker ya fitar a shekara ta 1897, farautarsa aka yi har aka halaka shi. Yanzu kuwa shi ne ango. Wanda ya tuna tatsuniyar budurwar nan mai ƙin samari, wadda ta zaɓi kyakkyawan baƙo ashe dodo ne, ya riga ya san rabin labarin. Bambancin shi ne a tatsuniya gudu ta kan yi ta komo gida, a nan kuwa zama ta ke yi.

Bari in fara ba su hakkinsu. Waɗansu daga cikin marubutan nan sun iya gina duniya, har mai karatu ya ji kamar ya taɓa zama cikinta. Charlaine Harris ta fara jerinta a 2001 da Dead Until Dark. Ta ƙaga cewa masana a Japan sun haɗa wani jini na kwalba, saboda haka mashaya jini ba su da sauran dalilin ɓuya, suka fito fili suna neman a zauna da su kamar kowa. Daga nan sai ga masu ƙyamarsu, ga masu bin su don sha'awa, ga masu wa'azi a kansu, duk a wani ƙaramin gari na jihar Luwiziyana. Wanda ya san tarihin wariyar launin fata a kudancin Amurka ba sai an gaya masa abin da ta ke nuni da shi ba. Yarinyar labarin, Sookie, mai kai wa baƙi abinci ce a wata mashaya, kuma tana da wata jarraba, watau tana jin abin da ke cikin zuciyar kowa. Ka dubi wahalar budurwar da ta ke jin tunanin saurayinta duka! Mashaya jini kuwa ba ta jin nasu, in tana tare da su sai kanta ya huta. Wannan dalili ne na so wanda hankali zai ɗauka.

J. R. Ward ma, wadda ta fara nata jerin a 2005 da Dark Lover, tana da inda ta ke burge ni. Littafinta na uku, Lover Awakened, labarin wani jarumi ne da aka bautar aka wulakanta shi shekaru masu yawa, har ba ya jure a taɓa jikinsa. Yadda ta bi ciwon ransa a hankali, ba ta warkar da shi dare ɗaya ba, aiki ne na wadda ta san halin ɗan Adam. Ban da wannan, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san wuyar sa mutum ya karanta shafi goma don ransa. Littattafan nan kuwa su kan sa mai ƙyuyar karatu ya gama shafi ɗari huɗu ya nemi ƙari. Ba ƙaramin abu ba ne.

To, ga inda na ke da magana. Abin da ya ke ba labarun nan zaƙi, shi ne kuma ya ke ɓata su. Da ya ke angon ba mutum ba ne, marubuciya ta sami hanyar kauce wa aiki mafi wuya a labarin soyayya, watau ta nuna mana yadda mutum biyu su ka san juna har su ka yarda da juna. Sai kawai ta ce ƙaddara ce, tun fil'azal an halicce su don juna. Christine Feehan ita ce gwanar wannan. A jerinta da ya fara da Dark Prince a 1999, mazan wata al'umma ta duwatsun gabashin Turai in sun daɗe a duniya su kan daina ganin launi, zuciyarsu ta bushe, sai ran da su ka gamu da macen da aka rubuta musu. In ba su same ta ba, ƙarshensu su zama mugayen dodanni. In kuwa ya same ta, akwai waɗansu kalmomi da zai furta ya ɗaure ta da shi har abada, ba kwancewa. Mai karatu, ina zaɓin yarinyar a nan? In ta ce a'a ta halaka shi, ta kuma jawo wa jama'a bala'i. An ɗora mata ceton ransa tun ba ta san sunansa sosai ba.

Daga wannan sai sauran su biyo. Yana bin sawunta duk inda ta sa ƙafa, yana hana ta magana da wani namiji, yana yanke mata shawara ba da saninta ba, littafin kuwa yana ce mana ai tsananin so ne, kuma ɗabi'ar jinsinsa ce, ba laifinsa ba. Ku cire masa haƙoran nan da shekaru ɗari shida, ku sa masa riga da wando, me ya saura? Mijin nan ne mai baƙin kishi wanda kowace unguwa ta san irinsa, wanda maƙwabta su kan tashi tsakar dare su je rabo a gidansa. Ban ce mai karatu ba ta da wayon rarrabe almara da gaskiya ba. Yawancinsu sun fi ni sanin haka. Amma in aka yi ta maimaita maka abu ɗaya cikin littafi talatin da ɗoriya, kamar na Feehan, ko ba ka yarda da shi ba kunnenka ya saba.

Tsawon jerin kansa wata cuta ce. Muddin ana saye, mai buga littafi ba ya son a tsaya. Ga Ward, kusan kowane jarumi cikin ƙungiyar sai an ba shi littafinsa da matarsa, har sun haura 20, kuma in ka karanta biyar ka san hanyar na shida. Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne na Laurell K. Hamilton. Ta fara a 1993 da Guilty Pleasures, labarin Anita Blake, mace mai taurin kai a birnin St. Louis, wadda sana'arta tā da matattu, tana kuma taimakon 'yan sanda binciken kisan kai. Littattafan farko labarun bincike ne sosai, kuma sai a na shida ta amsa wa mai shan jinin da ya daɗe yana nemanta. Da aka zo na goma, Narcissus in Chains, a 2001, sai marubuciyar ta ɗora mata wata yunwar sihiri wadda ba ta kwanciya sai da namiji. Daga nan bincike ya ja da baya, masoya su ka yi ta ƙaruwa, babi bayan babi ba a fita daga ɗaki. Masu karatunta na farko da yawa sun yi gunaguni su ka bar ta.

Kada a ce kunya ce kawai ta ke damuna. Lalle littattafan manya ne, ba zan ajiye ko ɗaya inda yaran makaranta za su kai hannu ba. Amma ƙarata a nan ta mai karatu ce: in zancen shimfiɗa ya nuna mana wani abu game da mutanen biyu, kamar a labarin jarumin nan da aka bautar, yana da wurinsa. In kuwa an zuba shi ne don a cika shafi, gishiri ne ya fi miya yawa.

Shi ya sa na fi ganin girman Charlaine Harris. Ta tsaya a littafi na 13, Dead Ever After, a 2013, alhali kasuwa tana ci. Masu karatu da yawa sun sa rai Sookie za ta ƙare da Eric, kyakkyawan mai shan jinin nan mai iko da dukiya. Sai marubuciyar ta haɗa ta da Sam, mai mashayar da ta ke aiki, wanda ta sani tun littafin farko, mai tsufa kamar kowa, wanda za su iya zama tare a hantsi. Tun can Sookie ta sha faɗin ba ta son ta zama mai shan jini, tana son rana. Harris ta sha zagi a kan haka, har da masu yi mata barazana. Ni kam da na kai shafin ƙarshe na ga yarinyar ta zaɓa da kanta, ba wanda ya ɗaure ta da wata kalma, ban ji an cuce ni ba.