KUƊIN HAYA: ME YA SA ƊAKIN YAMAI YA FI NA TASAWA TSADA?

Ƴan'uwa na rassan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni da Tasawa da Magarya, da ku na Yamai: Ga magana wadda ta kamata kowane reshe ya ɗauka a taronsa na wannan mako, watau maganar kuɗin haya, na ɗakin kwana da na kantin ciniki.

Kowa ya san abin da ke akwai. Ɗaki ciki da falo, ginin siminti, rufin kwano, salga ɗaya ta gida duka. In a Tasawa ya ke, kuɗinsa daban. Ka kai shi Maraɗi ya hau. Ka kai shi Yamai, sai ka ji kuɗin da zai sa ka riƙe baki, kuma kafin a ba ka makulli sai ka zube na wata da watanni, ka zube na ajiya, ka sallami dillali. Alhali ɗakin bai ƙara faɗi ko taƙi ɗaya ba. To, me aka ƙara masa a hanya?

In ka tambayi mai gida, amsarsa ɗaya ce: siminti ya yi tsada. Bari mu auna wannan magana kamar yadda a ke auna lissafi a allon lakwal. Ma'aikatar simintin ƙasarmu a Malbaza ta ke, cikin jihar Tawa, tun 1966. Daga Malbaza zuwa Yamai kilomita wajen 450 ne. Zuwa Difa kuwa kusan ninki biyu ne na haka. A watan Oktoba 2024, da gwamnati ta yanke kuɗin siminti jiha jiha, ta sa tan ɗaya jika 55 a Yamai, na Damagaram da Difa kuwa ya ɗara haka, domin nisan hanya. Watau mai gini a Damagaram ya fi mai gini a Yamai biyan siminti. Da siminti ne ke yanka haya, da ɗakin Damagaram ya fi na Yamai tsada. Ga shi kuwa ba haka ba ne. Ashe ba bango mu ke biya ba. Wurin da bangon ya ke tsaye, shi mu ke biya.

Wuri kuwa ba ya yin tsada don kansa. Mutane ne ke sa shi tsada, in sun taru suna neman kwana kusa da abu ɗaya. Sai mu tambaya, wa ya tara su?

A nan sai mun koma baya. Damagaram ce babban birnin ƙasar nan har 1926, sa'ad da Nasara suka kwashe mulki suka kai Yamai, suna cewa Damagaram ba ruwa, ga ta kuma kusa da Ingilishi na Kano. Sa'an nan Yamai ƙaramin gari ce a bakin kogi. Suka zana ta yadda su ke so: tudun Filato nasu, da manyan filaye da itatuwa, baƙar fata kuwa can ƙetaren kwarin Gunti Yena. Ko a 1960, shekarar da muka karɓi mulkin kai, mutanen Yamai ba su fi dubu 30 da wani abu ba. Ƙidayar 2012 ta same su fiye da miliyan ɗaya. Maraɗi da Damagaram, kowace ba ta kai sulusin haka ba.

Ba haihuwa kaɗai ta kawo wannan ba. Gyaɗar da aka noma a Maraɗi da Magarya da Matamaye ita ta riƙe baitulmalin ƙasa shekara da shekaru, har fari na 1973 da 1974 ya karya ta. Sa'an nan kuɗin yuraniyom na Arlit ya karɓa, tun daga 1971. Gyaɗa daga kudu, yuraniyom daga arewa, amma ofisoshin minista da manyan bankuna da babbar likita da jami'a duk a gari ɗaya aka dasa su. Shekara kusan arba'in yaron da ya gama lise a Damagaram ko Tawa, in yana son jami'ar gwamnati, ba shi da inda za shi sai Yamai. Tsoho mai bin takardar fansho, Yamai. Ɗan kasuwa mai neman kwangila, Yamai. Mara lafiyar da ya gagari likitar jiha, Yamai, shi da masu jinyarsa. Kowane ɗaya cikinsu sai ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Nasara ya dasa wannan itace, gaskiya ne, amma mu muka yi ta ba shi ruwa shekara sittin da ɗoriya, kada mu ɗora masa laifin duka.

Akwai kuma wani abu da ɗan haya ba ya gani, domin daga sama ya ke sauko masa. Ofishin jakada ko wata ƙungiyar waje ta zo ta kama babban gida a Filato ko Kwara Kano, ta biya na shekara gaba ɗaya ba ta ko taya ba. Babban ma'aikacin da ke zaune a irin gidan nan sai ya matsa zuwa unguwa ta biyu, ya ture na can. Na can ya matsa ta uku. Haka a ke ta turawa har a iso kan mai gadi da mai wanki da malamin lakwal ɗan kwantaragi, su kuwa ba wanda za su tura, sai su nufi bakin gari inda ba famfo ba wuta, ko su sauka fadama inda ruwa ke ci. Wanda ya ga abin da kogi ya yi wa unguwannin Lamorde da Saga a daminar 2020 ya san mazaunan wurin ba don sha'awar ruwa suka zauna ba.

Wani zai ce, ai baƙin sun ragu: sojan Faransa sun fita a Disamba 2023, na Amurka a 2024, masu ba da agaji da yawa sun naɗe tabarma. Haka ne. Amma babban gida in ya zama kango ba ya rikiɗa ya koma ɗaki goma na talaka. Mai shi ya gwammace ya kulle ya jira. Masu shigowa Yamai kuwa, waɗanda rashin kwanciyar hankali ya koro daga ƙauyukan jihar Tilaberi, da waɗanda ruwan 2024 ya rushe wa gidaje, ba babban gida su ke nema ba, ɗaki ɗaya su ke nema. Tsadar da ta sauko ta tsani ba ta komawa ta tsanin nan.

Kada ku ce wannan ciwon Yamai ne kaɗai. Duk garin da aka kai wa abin tara mutane, haya ta bi shi. Da aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, masu gidaje kusa da su suka yanyanka tsakar gida suka yi ɗakunan ɗalibai. Da matatar mai ta SORAZ ta soma aiki a 2011, ma'aikatanta suka nemi gidaje cikin Damagaram. Difa, da Boko Haram suka faɗa mata a Fabrairu 2015, ƴan gudun hijira da ƙungiyoyin agaji suka cika ta lokaci ɗaya, ɗan gari ya zama yana takara da mai biya da kuɗin Turai. Agadas kuwa ta ga abin ta fuska biyu: gidajen da a ke saukar da matafiya Libiya sun ci kasuwa, dokar 2015 ta hana fiton baƙi ta rufe su, aka kuma soke dokar a Nuwamba 2023. Gidajen ba su motsa ba. Abin da ke kewaye da su ne ya yi ta juyawa.

Hayar kanti ita kuma hanyarta daban ce, lalle mu rarrabe su. Ɗakin kwana albashi ya ke bi. Kanti kuwa ƙafa ya ke bi. Shi ya sa rumfa ƴar ƙarama a ƙofar babbar kasuwar Maraɗi, ko bakin kwalta a Ƙonni inda kamiyo ke tsayawa, za ta iya fin gida sukutum a bayan garin nan kuɗi. Maraɗi ba ta da ofishin minista, amma tana da hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano. Ƙonni tana kallon Illela. Gaya tana da gadar Malanbil. Arzikin kantunan garuruwan nan a bakin iyaka ya ke rataye. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Aka sake rufe ta bayan 26 ga Yuli 2023, sai a Maris 2024 ta buɗe. Ta Gaya kuwa har 2024 ta ƙare a rufe ta ke. A irin watannin nan mai kanti yana zaune yana korar ƙuda, amma ran ƙarshen wata mai rumfa ba ya tambayar labarin iyaka. Ga fatanti, ga kuɗin kasuwa, ga haya. In ciniki ya buɗe a ƙara masa, in ya rufe ba a rage masa. Wane irin tarayya ke nan, riba tamu, hasara taka?

A Yamai kuwa ƙarancin wuri ne ya haɗu da yawan ƙafa. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012. A 2016 aka rushe kes-kes na bakin tituna masu ɗimbin yawa. Duk sa'ad da aka yi haka, masu neman wuri su ƙaru, wuraren su ragu. Sa'an nan ga mugun halin nan da kowace kasuwa ta sani: mutum ya sami rumfa da sunansa don yana da wani a sama, bai taɓa sayar da ko allura ba, ya ba wani haya da riba, shi ma ya ba wani. Mai awo na ƙarshe yana ciyar da mutum biyu ko uku waɗanda ba su taɓa ɗaukar buhu ba.

Manomi na ƙauye zai ce, ina ruwana, ni a gidan ubana na ke. Baba, da ruwanka. Ɗan kanti ba daga aljihunsa ya ke biyan haya ba. Yana cikin kuɗin sukari da sabulu da yadin da ka saya ran kasuwa. Ɗanka kuma da ya tafi Yamai neman kuɗi da rani, abin da zai aiko maka, mai ɗaki ya riga ya cire rabonsa.

Kada kuma mutanen ƙananan garuruwa su yi murna da arahar ɗakinsu. Araha ce ta rashin mai nema. Ɗakin Tasawa yana da sauƙi domin samarin da za su kama shi suna Yamai, ko Aljeriya, ko Libiya. A ƙasar Adar kowa ya san gidajen siminti da aka gina da kuɗin Abijan, masu su suna can, gidajen suna kulle. Tsadar can da arahar nan uwa ɗaya ta haife su.

To, me za a yi? Na ji waɗansu ƴan'uwa suna cewa gwamnati ta yanka kuɗi ɗaya ga ƙasa duka, kowa ya huta. Ban yarda ba. Dokar haya ba sabon abu ba ce, an yi ɗaya tun 1996, kuma doka a takarda ba ta taɓa hana dillali aikinsa ba. Ku duba lissafin. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta sa jika 42 ne, ɗaya ne daga Ayoru har Gigimi. A ce an yanka wa ɗaki jika 15 a ko'ina. A Yamai mai gida zai ce to, sa'an nan ya rama ta baya: ya ƙara watannin ajiya, ya ƙirƙiro kuɗin ruwa da na shara, ko ya kore ka ya ce ɗansa zai yi aure. A Tasawa kuwa, inda ɗakin bai kai haka ba, mai gida zai ce gwamnati ta ce jika 15, ya hau da shi, lebura ya ba da fiye da sulusin albashinsa. Abin da aka yi don ya zama rufi a can ya zama daɓe a nan. Duk ƙa'idar da za ta yi aiki, sai ta bi gari gari da unguwa unguwa, ta raba ginin laka da na siminti, ta raba ɗakin kwana da kanti, ta kuma iyakance watannin da a ke karɓa tun gaba, domin nan ne wuƙar ta fi kaifi.

Mu kuma yi adalci. Ba kowane mai gida ne azzalumi ba. Akwai gwauruwa mai ɗaki biyu, da su ta ke ciyar da marayu. Akwai tsohon ma'aikaci wanda a farkon shekarun 2000 aka ba shi fili maimakon bashin albashinsa, ya yi shekara goma yana aza bulo ɗaya ɗaya. Waɗannan namu ne. Wanda mu ke magana a kansa shi ne mai filaye hamsin da ya killace yana jiran su yi tsada, da mai rumfar da ba ya ciniki.

Babban magani dai shi ne a rage dalilin zuwa Yamai. Bikin 18 ga Disamba ya zaga jihohi, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, an yi tituna da fitilu da gidajen baƙi. Madalla. Amma baƙin biki kwana uku su ke yi. Abin da ke zaunar da mutum a gari shi ne ofishin da zai sa hannu a takardarsa ba sai an aika da ita Yamai ba, da likitar da za ta yi masa aiki, da bankin da zai ba shi bashi a nan inda ya ke. A kuma yanka filaye a kai musu famfo da wuta da hanya kafin a sayar, domin fili ba ruwa ba ya rage wa kowa haya.

Ga aikin da ya rataya a wuyan rassa. Kowane magatakarda ya sami littafi ɗaya, ya raba shafi gida biyar: unguwa, irin gini, kuɗin wata, watannin da aka karɓa tun gaba, da shekarar da aka yi ƙari na ƙarshe. A bi gida ashirin da kanti ashirin a kowane gari, na tsakiyar kasuwa da na bayan gari. Kada a rubuta sunan ɗan haya ko na mai gida, kada wani ya rasa ɗakinsa saboda mu. A kantuna a tambaya ko mai zaune shi ne mai sunan rumfar, in ba shi ba ne, hannu nawa ta bi kafin ta iso gare shi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, za a karanta. A aiko da littattafan kafin ƙarshen wata mai zuwa, mu jera na Tasawa kusa da na Maraɗi, na Ƙonni kusa da na Yamai, mu buga su a wannan takarda.