Ƙaramin inji: da turbo ko babu?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da mai neman mota ke fara tambayar dillali shi ne, "Yaya shan manta?" Nan take sai a nuna masa 'yar ƙarama mai injin lita ɗaya, irin Kia Picanto, wadda ƙarfinta bai kai doki 70 ba. Daga gida zuwa ofis ba ta da laifi. Amma ka ɗebi iyali, ka kunna esi, ka kama hanyar Saminaka zuwa Jos, sannan ka tarar da tirela a gabanka. Ka fito za ka wuce, ka take totur har ƙasa, inji na ta ihu, tirela na nan kafaɗa da kafaɗa da kai, ga kuma wata mota ta danno daga gaba. Tsimin da zai kai mutum wannan hali ban yarda da shi ba, balle injin da kullum ake matsa wa lamba shi ma mai yake zuƙa.

Turbo ta yi maganin wannan. Hayaƙin da zai fice ta salansa shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin inji. Da haka ne Ford ya fitar da doki 125 daga injin EcoBoost mai lita ɗaya da silinda uku a 2012, ƙarfin da a da sai injin lita 1.6 ko sama. A tudu irin na Jos, inda iska ba ta da kauri, inji marar turbo kan rage kuzari, mai turbo kuwa da kyar za ka ji bambanci.

Sai dai dokokin rage hayaƙi na Turai ne suka haifi waɗannan injina, don masu mota da ke canza baƙin mai a kan kari. Fankar turbo tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne ke hana ta ƙonewa. A EcoBoost ɗin nan da PureTech 1.2 na Peugeot, bel ɗin taimin ma cikin baƙin mai yake gudu. Ka zuba wanda bai dace ba, bel ya fara marmashewa, ɓarɓashinsa ya toshe hanyar baƙin mai, inji ya buga. To mu da ake auna mana baƙin mai daga jarka a bakin titi fa? Ga ƙurar hunturu, ga 'yar Kwatano da babu wanda ya san irin riƙon da ta samu kafin ta iso.

Shi ya sa wanda kuɗinsa daidai wa daida ne nake ba shi shawarar ya tsaya tsakiya, wato injin lita 1.6 zuwa 1.8 marar turbo, irin na Toyota Corolla, wanda kowane bakanike ya san cikinsa, kayansa kuma suna nan a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka. Wanda ya nace sai turbo, ya tafi da bakanike mai na'urar gwajin kwamfuta tun kafin ya biya, su tayar da injin yana sanyi su duba ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, sannan ya sa kuɗin baƙin man da kamfani ya rubuta cikin lissafinsa.